Ranar da Muka Binne Kayan Gwamnati

Ni na goyi ƙanena. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, sai na ɗaure shi a baya na tafi gona da shi, na tafi rafi da shi, har gidan miji da shi na tafi. Ni ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma cittar da na noma da hannuwan nan ita ta kai shi makaranta. Saboda haka in na ce aikin da ya samu a laburaren ƙauyenmu rabinsa nawa ne, ba cika baki nake yi ba.

Karatun nasa bai kai inda ake so ba. Ya zauna jarrabawar malanta ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa, ya dawo gida da tabarau da takalmi sau-ciki, ga mata da ciki, ga hannu laushi kamar na jariri. Mutumin kirki ne, amma in ka ba shi irin doya ya shuka sai ya tsaya yana juya shi yana tambayar ina ne sama.

To, a shekarun nan da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, sai gwamnatin jiha ta ce za ta ba ƙananan laburare tallafi su sayi littattafai da kayan koyarwa. Mu a ƙauyenmu, can bayan Kagoma, muna da wani ɗaki a gefen majami'a wanda Turawan mishan suka bari, da wasu tsofaffin littattafai da gara ta riga kowa karantawa. Fastonmu ya nema, aka amsa, aka ce ɗakin ya zama laburare, a samo mai kula da shi. Aka ba ƙanena makulli, da tebur, da kujera, da albashi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ranar buɗewa wani ofisa zai zo daga Kaduna ya ga duk abin da aka saya da idonsa. In abu ɗaya ya ɓace, makulli ya koma hannun wani. Ƙanena ya maimaita mini wannan magana har ta fara fita mini ta hanci. Kuma gaskiyarsa ce. In aikin nan ya kuɓuce masa, ba shi da wani, sai dai ya dawo ya zauna a tsakar gidana shi da matarsa da abin da ke cikinta.

Kaya suka iso Kafanchan a jirgin ƙasa da tsakiyar damina, aka ɗoro su a motar masu sayen citta har ƙofar ɗakin. Makaranta na hutu, malamai duk sun watse. Fasto ya tafi taron ikilisiya a Samaru Kataf. Sai aka ga kunshin taswirori bai zo ba, dole ƙanena ya koma tasha ya jira jirgi na gaba. Ya miƙo mini makulli kamar mai miƙa ƙwai.

"Yaya, shara kawai. Ki share, ki goge taga, ki kulle. Kada ki taɓa akwatunan nan."

Na ce, "Ni da na wanke maka gindi har ka yi haƙora, yau ni kake koya wa abin da zan taɓa?"

"Yaya, don Allah."

"Tafi, babur na jiranka."

A lokacin ni ce uwar zumuntar mata, in na yi kira ba a cewa ana zuwa. Da safe muka shiga da tsintsiyoyi muna waƙa. Akwatuna na jere a bango, gajeru masu nauyi, kowa ya san littattafai ne, ba wadda ta kula su. Amma can a lungu akwai wani dogo, siriri, na katako, an buga masa ƙusoshi, an shimfiɗe shi a ƙasa. Waƙa ta fara mutuwa a bakin mata ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ni kaɗai nake yi, sai ni ma na yi shiru.

Maƙwabciyata, wata mai baki da ba ta iya ganin abu ta haɗiye, ta ce, "Uwa, wannan ai ko makaho ya shafa ya san ko mene ne."

Ku da kuka zo daga baya ba za ku gane ba. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, kuma ƙasarmu ta ba da 'ya'ya maza da yawa ga soja. Wasu sun dawo, wasu ko takalminsu ba a gani ba. A cikin matan da ke riƙe da tsintsiya a ɗakin nan akwai waɗanda har lokacin in sun ji kukan jirgi sai su ɗaga kai. To ga dogon akwati, daga gwamnati, a jirgin ƙasa. Me kuke so mu ce a ciki? Alli?

Na aika aka kawo mini tsohuwar adda, na ɓanɓare murfin. Na ɗaga ciyawar da aka cusa a sama. Sai ga mutum yana kallona, ba ido, haƙora a waje.

Ihun da muka yi, kajin Fasto ba su dawo gida ba sai da yamma. Wata ta fita ta taga, alhali ƙofa na buɗe. Ni ban gudu ba. Ƙafafuna ne dai suka kai ni waje, sa'an nan na dawo da su.

Da hankali ya dawo muka kewaye shi. Ƙwarangwal ne cikakke, fari tas, daga kai har yatsun ƙafa. Matan da 'ya'yansu ba su dawo ba suka matso ɗaya bayan ɗaya, kowa ta auna shi da ido, wata ta auna da tsintsiya. Ya fi duk yaranmu tsawo. Mu ba dogaye ba ne. Wata tsohuwa ta daɗe tana duba haƙoransa, don nata ɗan yana da wushirya, sa'an nan ta koma gefe ta zauna ta ce, "Ba nawa ba ne. Amma na wata ne."

Maƙwabciyata ce ta fara dawo da rigima. Ta sunkuya ta sansana shi.

"Uwa, mutumin nan yana warin sabon bokiti."

Na ce, "Mutanen birni haka suke. Sabulu da man shafawa sun shige su har ƙashi."

"To wayar nan fa da aka ɗaure masa gwiwa?"

"Asibiti. Ba ki ga yadda suka yi wa surukina ba da ya faɗo daga giginya?"

"Ga ƙugiya a tsakar kansa."

Sai wata daga baya ta ce, "Yesu! Rataye shi suka yi!" Aka sake fashewa da kuka.

Muka yi gardama ko namiji ne ko mace. Na ce ku duba da kyau: baki a buɗe, ciki ba komai, hannuwa a miƙe ba ya taɓuka komai. Namiji ne. Ba wadda ta musa.

A garinmu akwai yadda ake yi, tun kafin mishan su zo, kuma da suka zo ba su hana ba. Baƙo in ya mutu a wurinmu ba ya kwana a sarari. Wadda ta fara ganinsa ita ce uwarsa har danginsa su zo. Ita za ta ba da zanen da za a naɗe shi, gari kuma ya ɗaure akuya a ajiye, ba a yanka ta sai ranar da danginsa suka iso, a yi musu gaisuwa a ba su hanta. Ni na ɗaga ciyawa, saboda haka ni ce uwa. Na je gida na ciro zanena mai kyau, wanda nake ajiya don Kirsimeti, ban ko yi tunani sau biyu ba.

Aka kira maza daga gona. Da yake Fasto ba ya nan, aka jawo babban dattijon ikilisiya, wani tsoho da idonsa ya tafi amma muryarsa na nan daram. Ya shafa ƙoƙon kan, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ce, "Sanyi ƙalau. Wannan ya daɗe a hanya." Aka haƙa rami a gindin ɗorawa, bayan majami'a, inda ake sa baƙi. Ƙarfen da muka samu a cikin akwatin, mai ƙafafu kamar na kaza, muka ce sandarsa ce, muka sa masa a gefe. Dattijo ya yi addu'ar da ban taɓa jin ya yi wa ɗan gari irinta ba. Ya ce, "Ya Ubangiji, ba mu san sunansa ba, amma kai ka san shi. A ranar tashin matattu ka cire masa wayoyin nan." Muka ce amin da ƙarfi. Na yi kuka sosai, don ni in na ɗauki aiki ba na yin rabi.

Washegari muna zaune a ƙofar gidana ana zaman makoki, ana shan kunu, sai ga babur ya tsaya. Ƙanena ya sauko da kunshin taswirori a kafaɗa, laka har gwiwa. Ya cire hula.

"Yaya, wa ya rasu?"

"Baƙonka."

"Wane baƙo?"

"Na cikin dogon akwati. Kada ka damu, mun yi masa komai. Ko ɗan sarki iyakar abin da za a yi masa ke nan."

Ya tsaya. Taswirori suka zame daga kafaɗarsa suka faɗa cikin ruwa, wata yarinya ta tsame su. Ya ruga laburare, muka ji ƙarar murfi, ya rugo ya dawo. Sa'an nan ya zauna a ƙasa, cikin laka, ya ɗora hannu a ka, ya fashe da kuka irin wanda rabona da jinsa tun yana goye.

Mata suka tausaya. Maƙwabciyata ta ce, "Wayyo, ashe ya san shi."

"Roba ne!" in ji ƙanena. "Roba! A masana'anta aka yi shi, a ƙasar Turawa! Don a koya wa yara sunayen ƙasusuwa!"

Na ce, "Roba yana da haƙora?"

"Haƙoran ma roba ne!"

"Malam, yi haƙuri," in ji wata tsohuwa tana shafa masa baya. "Haka zafin rashi yake. Ni da mijina ya mutu cewa na yi ya tafi kasuwa."

"Mama, shi ne abu mafi tsada a duk kayan! Shi ofisa zai fara tambaya!"

Ya miƙe ya fizgi fartanya a jikin rumbu ya nufi ɗorawa. Ban taɓa ganin ya ɗauki fartanya da son ransa ba sai ranar. Amma kafin ya kai, maza sun sha gabansa, dattijo a tsakiya da sandarsa.

"Ɗana, ina za ka?"

"Baba, zan tono kayan gwamnati."

"A nan ba kaya. A nan kabari ne. Ɗan gari ba ya tone kabari. Wanda ya yi, ba mai ci da shi a ƙwarya ɗaya, ba mai ɗaukarsa ranar da tasa ta zo. Ka sani, ubanka ya sani. Dangin mamaci kaɗai ke da iko, in sun zo ɗaukar nasu, kuma da hannunsu."

"Baba, ba shi da dangi! Roba ne!"

"To ka ga dalilin da ya sa muka tausaya masa."

Da Fasto ya dawo aka gaya masa, sai da ya riƙe bango. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, muna jin wani sauti kamar ana yanka rago. Ya fito idonsa jawur, ya tara dattawa, ya ce musu roba ba shi da rai, ba shi da tashin matattu, a bar yaro ya ɗauki abinsa. Dattijo ya ce, "Fasto, kai ba ka nan. Ni na yi addu'a, jama'a suka ce amin. Yanzu in koma in ce wa Ubangiji wasa nake yi?" Rabin ikilisiya suka bi Fasto, rabi suka bi dattijo, har aka fara zama a benci daban-daban ranar Lahadi. Fasto ya ga majami'arsa za ta tsage saboda roba, sai ya ja baki ya ce a yi ta addu'a.

Kwanaki na tafiya, ranar buɗewa na matsowa. Ƙanena ya rame, tabarau na zamewa daga hancinsa. Matarsa, yarinyar da ni na je na nemo masa, ta daina gaishe ni. In ta hango ni a hanyar rafi sai ta juya cikinta gefe kamar zan binne shi shi ma. Ni kuwa abinci ya daina yi mini daɗi. Ina ci dai, amma ba daɗi. Ba wai na ga laifina ba ne, ku ji da kyau. Ko yau aka kawo mini mutum a akwati, zanena zan ciro. Amma makullin nan nake gani yana fita daga hannun yaron da na goya.

Ina tsinkar ganyen yakuwa a bayan gida abin ya zo mini. Wa ya aiko da akwati? Gwamnati. To wane ne dangin mamaci in ba wanda ya sa shi a jirgi ba? Kuma wa ke zuwa daga gwamnati? Na ajiye ƙwarya na tafi wurin dattijo na shimfiɗa masa maganar. Ya tauna goro, ya ce, "In ya amsa gaisuwa, ya ci hanta, dangi ne. In bai ci ba, baƙo ne kawai mai wucewa." Na ce a bar mini wannan. Ƙanena ban gaya masa ba, don shi in ya san abu fuskarsa na shela.

Ranar buɗewa, motar ofisa ta maƙale a laka tun daga gada, ya ƙaraso da ƙafa shi da direbansa. Wani siririn mutum ne, bai tsufa ba, da kwat da taye, yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. 'Yan makaranta sun shirya waƙar maraba, amma na riga na tura matan zumunta gaba. Muka tare shi a bakin gari da waƙar da muke yi in an yi rashi, a hankali, hannuwa a ƙirji. Ya tsaya ya cire hula. Daga nan na san ɗan mutunci ne, an yi masa tarbiyya.

Muka wuce da shi ƙofar gidana, ba laburare ba. Kujerar da aka tanada na sa aka ɗauke, aka shimfiɗa masa tabarma. Gari ya yi layi.

"Sannu da rashi, ranka ya daɗe."

Ya dubi direba, direba ya dubi sama. Ya ce, "Yauwa, sannunmu."

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya ba da ƙarfin zuciya. Dogo ne, kyakkyawa, ga haƙora."

"Amin, amin, Mama."

Na ji ya sunkuya yana raɗa wa direba, "Wai wa ya rasu ne?" Direba ya ce, "Yallaɓai, ko ma wane ne, ƙamshin nama nake ji."

Akuyar nan da gari ya ɗaure, na sa wani Bahaushe mai sayen citta ya yanka ta, don ban san addinin ofisa ba, ba na so ya sami hanyar kaucewa. Na gasa hantar da kaina, na barbaɗa yaji da citta, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ce ya ƙoshi. Na ce, "Ɗana, ka taka laka tun daga gada, ka ce ka ƙoshi? Ko hannuna ne kake ƙyama?" Ya ɗauki yanka ɗaya don kunya. Ya ɗauki na biyu ba don kunya ba. Dattijo ba ya gani, sai ya jawo hannun wanda ke kusa da shi ya ce, "Yana ci?" Aka ce, "Baba, har ya kusa suɗewa." Ƙanena na tsaye can gefe da makulli a hannu, yana kallona kamar mai kallon mahaukaciya.

Sai aka tafi laburare. Ofisa ya duba littattafai, ya ce madalla. Ya duba taswirori, ya shafa inda ruwa ya taɓa, ya wuce. Ya juya ƙwallon nan mai hoton duniya, yara suka yi tafi. Ya yaba da shara, na gyara tsayuwa. Sa'an nan ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Malam, ina ƙwarangwal?"



Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, yana nan. Bai yi nisa ba."

"To a fito da shi."

"Ranka ya daɗe, wato, fitowar ce..."

Na ga yaron zai faɗi, sai na shiga gaba. Na ce, "Ɗana, ɗan'uwanka yana gindin ɗorawa. Mun yi masa sutura, mun yi masa addu'a, ba mu bar shi ya kwana a waje ba. Gaisuwarsa ce ka amsa ɗazu."

Na ga maganar tana shiga masa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya dubi ƙanena. Ya dubi Fasto, Fasto ya sami wani abu mai muhimmanci a rufin ɗaki yana kallo. Direba ya fita waje, muka ji ya faɗi a kan benci.

"Kun binne shi," in ji ofisa.

"Da zanen Kirsimeti," in ji maƙwabciyata.

Ofisa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Mama, na gode da karamci. Amma ni aikina in gani da idona. In ban gani ba, ba zan iya cewa na gani ba, kuma dole in tafi da makulli. A kawo masu haƙa."

Dattijo ya buga sanda. "Ba ɗan garin nan da zai taɓa wurin. Sai dangi."

"To ina dangin?"

Duk gari muka dube shi.

"Ni? Baba, ni ba danginsa ba ne! Ni ma'aikaci ne!"

"Ka zauna a tabarma?"

"An ce in zauna."

"An ce maka ya haƙuri, ka ce me?"

"Ai gaisuwa ce, Baba, ba a ƙin..."

"Ka ci hanta?"

Yaji na nan a gefen bakinsa.

Direba ya leƙo ta taga yana share hawaye, ya ce, "Yallaɓai, ai da kai da marigayi har kama kuke yi." Na ce, "Kai kuma da ka cinye cinya guda, ƙanen mamaci ne. A ba shi shebur." Dariyarsa ta tsaya nan take.

Ofisa ya daɗe a tsaye. Ina ganin yana auna abu biyu: ya koma Kaduna ya tsaya gaban manyansa ya ce musu kayan gwamnati na kabari shi kuma ya ci akuyar makoki, ko ya riƙe fartanya. Ya dubi ƙanena, wanda ya riga ya miƙo makulli. Ya dubi matar ƙanena da cikinta a bakin ƙofa. Sai ya tura hannun ƙanena baya, ya cire kwat ya ba Fasto, ya cire taye, ya cire takalmi, ya naɗe wando.

Ban taɓa ganin haƙa irin wannan ba. Saran farko ya kusa cire wa kansa yatsa. Mata suka kewaye suna ba da shawara.

"Ranka ya daɗe, buɗe ƙafa!"

"Sunkuya, ba biro ba ne!"

"A hankali wajen nan, kansa ke nan!"

Maza suna tsaye hannu a baya, ba mai taɓa ko tsakuwa, amma kowa na nuni da leɓe. Ana cikin haka ruwa ya sauko. Fasto ya buɗe lema, ya rasa wa zai rufe, kwat ko mai kwat, ya zaɓi kwat. Direba na kwashe ƙasa yana gunaguni, wai shi tuƙi aka ɗauke shi. Can sai ofisa ya fara dariya shi kaɗai a cikin rami, yana sara yana dariya, laka har gira, ya ce, "Mama, kun yi zurfi!" Na ce, "Mu ba ma yi wa baƙo aikin ha'inci."

Da zanena ya bayyana, mata suka ɗauki waƙa ba wanda ya sa su. Ofisa da direba suka ɗago shi, suka miƙo ƙarfensa. Na karɓe shi, tun da ni ce uwa, na kai shi wurin duron ruwan majami'a na wanke shi da soso gaɓa-gaɓa. Jar ƙasarmu ta riga ta kama shi, farin nan bai dawo ba, ya zama kamar ɗan gari. Aka rataye shi a ƙarfensa a tsakiyar laburare. Ofisa ya zagaya shi, ya ɗaga hannu, ya ɗaga ƙafa, ya buɗe muƙamuƙi ya rufe. Sai ya tsaya. Hannun hagu ba tafi ba yatsu.

Ƙanena ya yi wani ƙara kamar ɗan akuya. Ofisa ya juya ya koma cikin ruwa, ya sake shiga ramin, ya durƙusa yana lalube da hannu. Can ya ɗago da shi, yatsu biyar suna reto, ya ɗaga sama kamar mai gaishe da jama'a. Ihun da aka yi ya fi na ranar farko.

Ya maƙala shi da kansa. Ya juyo ya ce wa ƙanena, "Malam, na gani da idona. Cikakke ne. Riƙe makullinka." Sa'an nan ya matso kusa da shi ya rage murya, amma ni kunnena ba ya tsufa. Ya ce, "Ka riƙe shi a aljihunka. Ko wanka za ka shiga."

Samari suka tura masa mota daga laka, muka cika bayanta da doya da sauran naman, tun da rabon dangi ne. Matar ƙanena ta gaishe ni da yamma, gajeriyar gaisuwa, amma gaisuwa ce.

Ƙanena ya riƙe aikin nan har ya yi furfura. Tallafin bai tsaya ba, lokaci-lokaci akwatuna na zuwa daga Kafanchan. Sai na lura da wani abu. Duk ranar da kaya za su iso, tun da sassafe zai zo ƙofata da babur ya ce gwaggonmu ta Godogodo ba ta jin daɗi, ni take kira. In na je sai in tarar da ita tana daka, lafiyarta ƙalau, ta fi ni ƙarfi. Da ya yi mini haka ya ƙara, na tare shi na ce, "Wai me ke cikin akwatin wannan karon?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Kan mutum ne, Yaya. Ana buɗe shi a ga ƙwaƙwalwa."

Na ce, "Kai kaɗai? Ina sauran jikin?"

Ya ce, "Yaya, hau babur."